Tsintsiya da Ramin Babanta

A gida Auta ake ce mata, don ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu. A wurin aiki Tsintsiya suke kiranta, kuma ba ta taɓa nuna ta ji haushi ba. Ni ina kiranta da duk wanda ya fara zuwa bakina. Ita tana ce mini Baffa, ko da yake ba jini ne ya haɗa ni da babanta ba, ofis ne. Mun yi shekaru masu yawa a ɗaki ɗaya, shi yana fuskantar taga, ni ina fuskantar ƙeyarsa.

Tun tana ƙarama ba ta shiri da tarkace. Ranar da aka saya mata akwatin kayan wasa, sai ta zazzage shi, ta zaɓi abin da take so, ta kai sauran bakin ƙofa, ta dawo ta zauna a cikin akwatin. Da ta shiga makaranta, malamin lissafi ya kawo ƙara har gida. Ya ce amsarta daidai ce kullum, sai dai gajartar ta yi yawa, kamar tana ƙyashin tawada. Wata rana kuma ta ga babanta ya fita, ta yi masa alherin gyara durowa. Da na zo da yamma na tarar da shi tsugune a gaban kwandon shara, yana tsamo wayoyin wuta ɗaya bayan ɗaya, yana hure musu ƙura.

Shi baban nata bai taɓa jefar da komai ba. Ɗakinsa yana ƙarshen baranda, cike da matattun fankoki, da gwangwanayen kusoshi, da wayoyin da na'urorinsu suka daɗe da barin duniya. Kowane abu da 'yar takarda manne a jikinsa, an rubuta: kada a taɓa. A ofis Kar-a-taɓa muke kiransa. Mai ɗakinsa takan ce ita ma abin da ya hana a manna mata takardar shi ne ba ta zama wuri ɗaya.

Sana'armu ita ce rubuta kod, wato layukan umarnin da kwamfuta ke bi. Mu ba masu yin abin da ake gani a fuskar allo ba ne. A can ƙasa muke, a cibiyar babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, wadda ake kira kanel. Mutane da yawa ne ke aikinta, a warwatse a duniya, mafi yawansu ba su taɓa ganin juna ba, sai saƙo.

Idan aka kunna kwamfuta, farkon farkawarta ba ta san kanta ba. Kamar mutum ne ya buɗe ido a gidan da bai san yawan ɗakunansa ba. Kafin ta yi komai sai ta zagaya memori, inda take ajiye abin da take aiki da shi, ta ga iya girmansa, ta gane inda akwai mai shi da inda babu kowa, sannan ta miƙa makullai ga sashen da ke rabon wuri. A wannan ɗan lokacin ko kalma ɗaya ba ta iya rubutawa a allo. In ta yi tuntuɓe, shiru kawai za ka ji. Shi ya sa masu hankali ba sa son zuwa kusa da wannan sashe. Baban Auta a nan ya yi rayuwarsa. Shi ya rubuta wannan zagayen wa wata na'ura da kamfaninmu ke ƙerawa a lokacin, wata 'yar akwati mai launin toka da fitila ɗaya a goshi. Kamfanin ya daɗe da rufewa, amma layukansa suna nan a kanel, da sunansa a sama.

Auta ta tashi ta bi sana'ar, ta kuma faɗa wannan sashen da masu hankali ke gudu. Ofishinta yana saman wani shagon ɗinki, ana jin ƙarar kekuna daga ƙasa. Teburinta babu komai sai kwamfuta da kofi ɗaya. A sana'ar nan kowa yana taƙama da abin da ya ƙara, ita da abin da ta cire take taƙama. Idan ta goge layuka masu yawa a rana, na'ura kuma ta ci gaba da aiki kamar ba a yi ba, ranar har masu ɗinki sai sun ji ta tana waƙa a matakala. Mijinta mai shagon magani ne, mutumin kirki mai haƙuri. Tsofaffin rigunansa a but ɗin mota yake ɓoye su.

Babban aikin da ta ɗauko shi ne wannan zagayen memori. Kowane irin na'ura yana da nasa, alhali kusan abu ɗaya suke yi. Dalili kuwa sananne ne a wurinmu. Duk wanda aka ba sabuwar na'ura, sai ya kwafo na wanda ya gabace shi, ya canja abin da ya gane, ya bar abin da bai gane ba. Auta ta ce za ta rubuta guda ɗaya mai tsabta wanda kowa zai yi amfani da shi, ta share sauran. Ta kusa cinye shekara a kai.

Akwai al'ada biyu a sana'ar da ba a tsallakewa. Ta farko, ba ka goge aikin mutum sai ka aika masa ya duba, ya rubuta a bainar jama'a cewa ya amince. Ta biyu, kowane gyara sai an rubuta dalilinsa a sarari, ya zauna a tarihin kanel har abada. Wanda ke tabbatar da an bi su shi ne wani mutum da muke kira Mai Ƙofa, don sai ta hannunsa gyara ke shiga. Ban taɓa ganinsa ba. An san shi da gajerun amsoshi. Idan ya rubuta maka kalma uku, to ranar yana cikin nishaɗi.

Tana cikin sharar ne ta ci karo da ramin. A kod ɗin wata na'ura ta ga an keɓe wani ɗan yanki na memori, an ce a tsallake shi, kada a ba kowa. A gefe an rubuta: kada a taɓa wannan wuri. Babu dalili. Ta wuce wata na'urar, ta sake ganin ramin, a daidai wurin, da kalmomin nan. Ta sake gani a wata. Ta tambayi masu su, kowa ya ce shi ma haka ya tarar, ya ga an ce kada a taɓa, bai taɓa ba. Ta cire ramin, suka gwada, na'urorinsu suka tashi lafiya, suka rubuta mata sun amince. Ta yi ta bin sawun kwafe-kwafen baya-baya, har ta iso inda ramin ya fara. Ba sai na faɗi sunan da ta gani a saman shafin ba.

Ta aika masa saƙo kamar yadda ta aika wa kowa. Shiru. A ƙarshen mako ta je gida cin abinci, suka yi hirar tsadar gyaran mota, da ciwon gwiwarsa, da maƙwabcin da ke ajiye mota a bakin ƙofarsu. Saƙo bai shigo hirar ba. Ta sake aikawa. Wannan karon ya amsa, a bainar jama'a, da ladabin da ake yi wa baƙo. Ya gode wa mai gyaran bisa ƙoƙarinta, ya ce bai amince ba, ya tambaya ko an gwada a kan ainihin na'urar. Ya san sarai guda ɗaya ce ta rage a duniya, kuma tana barandarsa, mai ɗakinsa ta ɗora mata tukunyar fure.

Sai ga ta a gidana da hantsi. Ta zauna, ta kalli tulin jaridun da ke kusurwa, na ga hannunta yana motsi, ta dai daure. Ta gaya mini abin da ba ta gaya wa babanta ba. Mai Ƙofa ya rubuto mata ita kaɗai. Ya ce ba zai tsayar da aikin kowa saboda na'urar da babu mai amfani da ita ba. Idan mai ita bai amince ba kafin a rufe karɓar gyare-gyaren wannan zangon, zai cire na'urar gaba ɗaya daga kanel, ita da kod ɗinta da sunan da ke sama.

"Baffa, in ya amince, layukansa ne za su tafi, na'urar ta zauna da sunansa," in ji ta. "In ya ƙi, komai zai tafi. Kuma za a ce ni na jawo."

Na tambaye ta ko ta taɓa fasa sharar abu don mai shi zai ji ciwo. Ta ce ba ta taɓa ba. Sai ta ƙara da cewa wancan karon na durowa wayoyi ne, kuma ya tsince su.

Ni ina da ɗan abin da na sani game da ramin nan. Amma ba a tambaye ni shi ba, rakiya aka roƙe ni. Na ɗauki sandata.

Ranar Asabar da safe muka je. Mun tarar ya riga ya sauke tukunyar furen, ya goge na'urar, ya sa rigar da yake sawa idan zai je ganin likita. Ya tarbe ni da cewa wai an ɗauko lauya. Na ce ni shaida ne, kuma shaidar da ba ya gani sosai.

Aka fara neman wayar wuta. Wayar Auta ba ta shiga ba, bakin na'urar irin na da ne. Babanta ya miƙe. Ya shiga ɗakinsa a hankali, muka ji ana jan gwangwani, ya fito riƙe da wata waya a tsakanin yatsu biyu, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani. Ya tambayi Auta ko ta gane ta. Ta ce a'a. Ya ce tana cikin waɗanda ya ceto daga kwandon shara.

Aka fara da tsohon kod ɗinsa. Da yake na'ura ba ta iya magana a wannan lokacin, tun da can ya koya mata ƙifta fitilar goshinta duk sanda ta gama wani mataki, in ta kammala sai fitilar ta tsaya kore. Ya danna. Fanka ta yi tari, ta kama juyawa. Fitila ta ƙifta, ta ƙifta, ta tsaya kore. Ya gyara wuyan rigarsa.

Aka sa na Auta. Fitila ta ƙifta, ta ƙifta, ta mutu. Muka jira. Fanka kawai ke juyawa.

Na san mutumin nan tun gashinsa yana baƙi, ban taɓa ganin ya yi ƙoƙarin ɓoye murna irin na ranar ba. Ya yi gyaran murya, ya ce ai ba laifinta ba ne, yaran yanzu suna da ƙoƙari, gogewa ce sai a hankali. Ya leƙa kicin ya ce a dafa shayi, a sa wa Auta madara da yawa don ta sha wahala.

Auta ba ta ji shi ba. Ta sake gwadawa, fitila ta sake mutuwa a daidai wurin. Ta buɗe littafin bayanin na'urar, wanda kamfani ya buga, ta duba sashen memori daga farko har ƙarshe, babu inda aka ambaci rami. Ta ce abin da bai shiga kanta ba shi ne, na'urorin da suka kwafi ramin duk sun tashi ba tare da shi ba, sai wannan. Sai ta miƙa hannu ta ɗauki sukudireba. A kan murfin akwai 'yar takardar nan, ta yi ruwan ƙasa don tsufa. Babanta ya nuna mata takardar da yatsa. Ta ce ta gani, ta iya karatu. Ta kwance murfin.

A cikin, a gefe ɗaya na allon da kayan cikin na'urar ke manne a kai, daidai kan ƙwayoyin memori, akwai wani busasshen tabo mai launin ƙasa, ya malala ya daskare, ƙafafun ƙwaya ɗaya sun yi tsatsa. Tana cikin kallonsa mahaifiyarta ta fito da tire. Ta leƙa ta kafaɗarta, ta ajiye tiren a hankali don kada ya zube, sannan ta zauna a kujera ta yi dariya har da share hawaye da gefen mayafi.

"Ashe yana nan," in ji ta. "Auta, ai shayinki ne."

Ta ba da labarin tana yi tana tsayawa. Lokacin Auta ba ta daɗe da fara tafiya ba. Babanta ya kawo na'urar gida, abin da kamfani ya hana, ya buɗe ta a tsakar ɗaki yana aiki. Ya tashi amsa sallama. Auta ta ga fanka tana juyawa tana huci, ta yanke hukuncin cewa abin nan ƙishirwa yake ji, ta ba shi abin da ke kofinta duka. Babanta ya shanya na'urar a rana, ya busa mata iska, ta tashi, sai dai wani ɗan yanki na memori ya mutu. Maimakon ya je ya yi wa manaja bayani, sai ya koya wa na'urar tsallake wurin.

Shi dai yana kallon taga, kamar yadda ya saba a ofis.

Auta ta ajiye sukudireba. Sannan ta ce, "Baba, duk shekarun nan mutane a ko'ina suna tsallake wurin nan saboda shayi?"

"Ni a tawa na rubuta. Ban aiki kowa ya kwafa ba."

"To me ya hana ka rubuta dalili?"

Ya ce da ya rubuta, da manaja ya karanta. Ta ce manajan ya daɗe da yin ritaya, kamfanin ma babu shi. Ya ce mutum yana da ayyuka da yawa. Ta juyo ta kalle ni, ta tambaya ko na sani. Na ce na taɓa jin ƙanshin madara daga wajen teburinsa, amma ofis wuri ne mai ƙanshi iri-iri.

Gaskiya ya sami damar cire ramin nan ba sau ɗaya ba. Na sha ganinsa ya buɗe shafin, ya gangara zuwa wurin, ya tsaya yana kallo, ya ɗan murmusa, ya rufe. Ban taɓa tambayarsa ba. Mai fuskantar ƙeyar mutum yakan ga abin da ba a nuna masa ba.

A nan ne ta gaya masa maganar Mai Ƙofa. Ta faɗe ta a hankali, tana kallon tabon. Mahaifiyarta ta daina dariya. Shi kuwa ya ɗauki kofinsa, ya juya cokali a ciki fiye da yadda sukari ke bukata. Ya tambaya ko da sunan ma za a cire. Ta ce har da shi.

Ta ce akwai hanya. Ramin ba na kanel ba ne, na wannan akwatin ne ita kaɗai. Akwai wurin da ake gaya wa kowace na'ura abin da ya shafe ta lokacin tashi. Layi ɗaya za a rubuta a nan, a ce mata ta tsallake wurin shayin, sauran duniya kuma a ƙyale su su yi amfani da memorinsu. Ya ce a gani tukuna. Ta rubuta layin, ta matsa masa ya danna da kansa. Fitila ta ƙifta, ta ƙifta, ta tsaya kore, kuma ta fi saurin tsayawa a kan lokacin da aka sa tsohon kod ɗinsa. Wannan ɓangaren ya yi kamar bai lura ba.

Ya ce zai amince, amma da sharaɗi. A rubuta dalilin gyaran yadda yake.

Ta ce za ta rubuta cewa wani ruwa ya taɓa zuba a na'urar gwaji. Ya ce shayi ba wani ruwa ba ne. Ta ce to, shayi ya zube. Ya ce shayi ba ya zuba da kansa. Ta ce wata yarinya. Ya ce yarinyar tana da suna, kuma sunan yana ƙasan gyaran.

"Baba, kowa zai karanta fa. Ba a gogewa."

"Dokar taku ce, Uwata. Ni da na karya ta, kin ga abin da ya biyo baya."

Ta nemi taimakon mahaifiyarta, ita kuwa ta ce a ƙara da cewa kofin mai hoton agwagwa ne. Ta kalle ni. Na ce shayina yana hucewa.

Ta rubuta. Ta bayyana cewa ramin ya samo asali ne daga na'ura ɗaya tak, wadda mai wannan gyaran ta shayar da shayi tun ba ta iya magana ba, kuma babu wata na'ura da ke bukatarsa. Ta aika. Shi kuma ya shiga ɗakinsa, ya kunna tasa kwamfutar, ya sa tabarau, ya karanta saƙon tun daga farko kamar bai san abin da ke ciki ba, alhali mai saƙon tana tsaye a bakin ƙofarsa. Ya rubuta cewa ya gwada a kan ainihin na'urar, ya amince. Ya sa cikakken sunansa. A tarihin kanel sunayen biyu suna nan a jere, nata a sama, nasa a ƙasa.

Amsar Mai Ƙofa ta zo a farkon mako. Ya rubuta: "Na karɓa. Da sukari?" Waɗanda suka daɗe a sana'ar sun ce ba su taɓa ganin ya yi tambayar da ba ta aiki ba. Auta ta ƙi amsawa. Babanta ne ya amsa, bayan ya tuntuɓi mai ɗakinsa, ya ce da sukari, kuma da yawa.

Na'urar ta koma baranda, tukunyar fure ta koma kanta. Murfin dai yanzu babu takarda.

Kwanaki na bi ta shagon ɗinkin nan karɓar wando, na ce bari in hau in gaishe ta. Abokan aikinta sun rage kiranta Tsintsiya, wasu sun koma tambayarta ko kwamfutarsu za ta sami ɗan abin sha. Teburin yana nan yadda na san shi, kwamfuta da kofi ɗaya, sai dai kofin ya ɗan ƙara nisa da kwamfutar. A gefen allo, can ƙasa inda sai wanda ya zauna zai gani, na hango wata 'yar takarda mai ruwan ƙasa a manne. Ta ga na gani. Ta tambaye ni lafiyar gwiwa, na ce da sauƙi.

Mijinta ma ya gani, ashe. Na ji an ce ya shigo da riga ɗaya daga but ɗin mota, ya rataye ta a ɗaki don ya gwada sa'arsa. Ta kwana biyu a wurin kafin ta koma mota.